Darasi na Bakwai: Tafarnuwa, Citta da Zogale a Abincin Kifi

Tarwada ba ta da ɓawo a jikinta. Abin da ke kare ta shi ne wannan yauƙin da ke sa ta sulluɓe daga hannu. Ƙwayoyin cuta kuwa kullum suna cikin ruwan kwami, ko da ruwan ya yi garau. Akwai wadda masana ke kira Aeromonas, ita ce ta fi kawo gyambo a jiki, da kumburin ciki, da zagwanyewar wutsiya da gashin baki. Muddin kifi na da ƙarfi kuma yauƙinsa bai goge ba, ba ta cika samun hanyar shiga ba. Tana samun dama ne idan kifi ya galabaita: ruwa ya yi wari, ko an cunkusa kifaye da yawa a ƙaramin kwami, ko an ji musu rauni wajen ware manya daga ƙanana, ko sanyin hunturu ya sauka sun rage cin abinci.

Don haka mai kiwo yake neman abin da zai ƙara wa kifinsa ƙarfin jiki tun kafin cuta ta zo. Abubuwan da za mu yi magana a kansu duk suna kasuwar garinku.

Tafarnuwa

Ita ce kan gaba, kuma ita aka fi gwadawa a kan tarwada da karfasa. Ana noma ta sosai a Sakkwato da Kano. Amfaninta yana cikin wani sinadari mai suna alisin, wanda shi ne ke ba ta wannan ƙarfin wari. Sinadarin ba ya fitowa sai an daka ta ko an yanka ta, kuma zafin wuta yana lalata shi. Shi ya sa ba a dafa tafarnuwar kifi, ba a kuma zuba ta cikin haɗin da za a kai injin da ke fitar da abinci da zafi. Sai abinci ya fito ya huce, sannan a cuɗanya shi da ita.

Ma'auninta giram 10 ne na gari a kan kilo 1 na abinci, wato kashi 1 cikin 100. In babu sikeli, cokalin shayi uku a shafe, ba a tule ba, sun kusa giram 10. Amma wanda ya ɗauki kiwon kifi sana'a ya kamata ya mallaki ƙaramin sikeli, domin mudun wani gari ba mudun wani ba ne, kuma abinci mai yawo a kan ruwa ya fi mai nutsewa cika mudu.

Ga yadda ake haɗawa. A ɓare tafarnuwa, a yanka ta siriri, a shanya a inuwa inda iska ke wucewa har ta bushe ƙayau, a daka a tankaɗe. A auna abincin, a zuba a roba mai faɗi. Gari kawai ba zai zauna a jikin abinci ba, da an watsa zai wanke a ruwa, kuɗinku ya tafi a banza. Saboda haka a kaɗa farin ƙwai ɗaya da ruwa kaɗan, ko a dama sitacin rogo tsararo a bar shi ya huce, a zuba garin a ciki, a yayyafa a kan abincin ana juyawa da hannu har ko'ina ya samu. Sai a baza a kan buhu mai tsabta a inuwa ya sha iska.

Kada a haɗa buhu guda a lokaci ɗaya. Abincin da ya taɓa danshi yana saurin yin fumfuna, musamman da damina, kuma gubar fumfuna tana lalata hantar kifi. A haɗa na kwana biyu ko uku kawai. A ba su mako biyu, a huta mako biyu, sannan a koma. Lokutan da suka fi dacewa su ne kafin a ware kifaye, da bayan an sayo 'ya'yan kifi sun sha wahalar hanya, da watan Nuwamba kafin sanyi ya kankama.

Citta da kurkum

Citta, wadda mafi yawanta daga kudancin Kaduna take fitowa, wajen Kachia da Kafanchan, tana taimaka wa narkewar abinci da ƙarfin jiki. Ma'auninta giram 5 zuwa 10 a kilo 1, haɗinta kuma iri ɗaya ne da na tafarnuwa. Haka ma kurkum. Masu kiwo da yawa suna son tara su duka a haɗi guda, wai don ya fi ƙarfi. Ba dabara ba ce ga mai koyo, domin in kifi ya ƙi ci ba za ku san wanne ya jawo ba.

Zogale

Shi zogale abinci ne, domin busasshen ganyensa na da furotin da bitamin. Masu haɗa abinci da kansu su ne suka fi morarsa: suna rage waken soya kaɗan su sa garinsa. Kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na haɗin, wato kilo 1 a cikin kilo 10. In ya zarce haka, ɗacinsa da wasu sinadaran da ke cikinsa suna hana kifi amfana da abin da ya ci, girma ya ja baya. A shanya shi a inuwa. Ganyen da rana ta ƙone ya koma ruwan ƙasa ya riga ya rasa wani ɓangare na amfaninsa.

Darbejiya da shuwaka

Za ku ji wani ya ce ku jefa ganyen darbejiya ko ku matse shuwaka a cikin kwami. A yi hattara. Darbejiya in ta yi yawa kashe kifi take yi, 'ya'yan kifi kuwa ko kaɗan ba sa jure ta. Ganye kowane iri in ya ruɓe a ruwa yana cinye iskar da kifi ke shaƙa. Abin da ba ku da ma'auninsa, kada ku gwada shi a kan jarinku gaba ɗaya.

In cuta ta riga ta shiga

Kifin da ya kamu sosai ba ya cin abinci, ke nan tafarnuwa ba za ta kai cikinsa ba. In kun ga kifaye sun rataye a saman ruwa kai sama, ko kuna kwashe matattu kowace safiya, ku dakatar da abinci, ku sauya ruwa, ku binne matattun nesa da kwami, ku nemi malamin gona ko likitan dabbobi. Jihohi suna da sashen kifi a ma'aikatar gona, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja. Kada ku sayi kafso a kemis ku fasa a ruwa da ka. Hakan na sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ragowarsa kuma tana zama a naman da mutane za su ci.

Aikin aji

Buhun abincin kifi na kamfani yawanci kilo 15 ne. Giram nawa na garin tafarnuwa buhu guda zai ci kafin ya ƙare? In kifayenku na cin kilo 2 a rana, giram nawa za ku auna don haɗin kwana uku?

Mai kwami biyu ya ba ɗaya abinci mai tafarnuwa, ya bar ɗayan da abinci zalla. Ya ja layi biyu a littafinsa, kowace safiya ya rubuta kwanan wata da yawan kifin da ya mutu a kowanne. Bayan wata guda ya kawo littafin aji a karanta tare.