Kurakuran da sababbin ma'aikata ke yi a gonar tsohuwar inabi

Duk watan Satumba samari suke zuwa mana tsinkar inabi a nan yankin Korbiye, kudancin Faransa, wasu su zauna har aikin datsa na lokacin sanyi. Gonar da nake wa aiki ta wani iyali ce, ba sa zuba takin zamani ko maganin kashe ciyawa, kuma yawancin kurangarsu nau'in Kariñan ce da ta girmi mai gonar. Na gaji da maimaita magana ɗaya kowace shekara.

Babban kuskure, wanda ni ma na tafka, shi ne datsa da zarto har jikin kututture. Shekarata ta biyu na ga wata tsohuwar kuranga ta yi rassa barkatai, na ce bari in yi mata aski. Na yanke hannu guda kakkaura, na goge shi ƙal. Kyau kam ta yi. Bayan shekara uku ganyenta ya fara zane-zane kamar fatar damisa, wata rana da zafi ta bushe ƙurmus. Cutar da ake kira eska ce, ƙwayoyinta ta irin wannan babban rauni suke shiga. Tsohon mai gonar bai yi mini faɗa ba, shirun nan ya fi zagi ciwo. Yanzu ba na yanka reshen da ya wuce shekara biyu sai dole, in na yanka kuma sai in bar guntun kututture, domin itace yana bushewa ne ya shiga ciki, kada bushewar ta toshe hanyar ruwan jikinta. Ana ruwan sama kuwa, almakashi aljihu.

Na biyu ya fi haɗari, domin rai ne. Inabin da aka zuba a tanki don ya zama giya, in yana tsimuwa, yana fitar da iskar kabon, ba ta da launi, ba ka jin warinta, kuma ta fi iska nauyi, sai ta kwanta ƙasa. Na taɓa kama wani yaro ya zura kai cikin tanki wai zai ɗauko bokiti. Kai, wane irin ganganci ne wannan? Mutane na mutuwa haka, sau da yawa har da wanda ya shiga ceto. A buɗe ƙofofi, a kunna fanka, kada kowa ya shiga shi kaɗai. Ni ko kyandir da ake kunnawa a dā don gwada iskar ban yarda da shi ba, na'urar aunawa nake ratayawa.

Feshin jan ƙarfe, maganin cutar ganye, an yarda da shi a irin nomanmu na ba takin zamani, amma yana taruwa a ƙasa. Dokar Turai tun 2019 kilo 28 ce a hekta cikin shekara bakwai. Farar wuta kuma kada a fesa ta da tsakar rana mai zafi, tana ƙona ganye.

Wajen haɗa giyar kuma, wasu na ɗauka tunda a nan ba a zuba yis na kanti, tsafta ba ta da muhimmanci. Akasin haka ne, babu maganin da zai rufa maka asiri. Ganga kuma itace na shanye wani abu, wani ya tafi a iska, in ba a cika ta akai-akai ba, giyar da ke ciki ta koma khal, wato ruwan tsami. Ni ba na sha, amma hancina ya san wannan tsamin tun daga ƙofa.

Kada ka danna inabi a akwati don ka cika da wuri. Ya fashe a rana, ƙananan ƙudaje sun samu.