Darasi na 9: Tausa da Ƙaho Don Sakin Tsokar da Ta Ɗaure

Manomin da ya wuni yana huɗa, da matar da ta surfa gero kwano biyar, da telan da ya duƙa a kan keke tun hantsi har la'asar, duk kukansu ɗaya ne idan dare ya yi: kafaɗa ta riƙe, ƙugu ya ƙage, wuya ba ya juyawa sai an juya da jiki gaba ɗaya. Tsoka ce ta daɗe tana aiki iri ɗaya, ta tsuke, ta ƙi saki. In ka bi wurin da ɗan yatsa za ka ji wani ƙulli kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata, kana dannawa mai shi ya zabura. Irin wannan ciwon ne kaɗai wannan darasi yake magana a kai.

Ƙaho iri biyu ne. Akwai na tsaga, wanda wanzami yake kafa ƙahon saniya, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe hudar da danƙo, sannan ya tsattsaga fata da aska ya fitar da jini. Akwai kuma busasshe, wanda babu aska babu jini, jan fata ne kawai. Shi ne ake haɗawa da tausa, shi ne kuma mutane suka gani a kafaɗun Michael Phelps, ɗan wasan ninƙaya na Amurka, a gasar Olamfik ta 2016 a birnin Riyo. Na tsaga ba aikin gida ba ne. Askar da aka yi wa mutum biyu tsaga da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wannan ta kai wa wancan.

Hannun mai tausa danna tsoka yake yi ƙasa, shi kuwa ƙaho ɗago ta yake yi sama. Idan aka fitar da iskar da ke cikin kofi, wato abin da ake kafawa a madadin ƙahon saniya, sai fata da naman da ke ƙarƙashinta su taso, jini ya taru a wurin, wurin ya yi ɗumi, zafin ya lafa. Sauƙin da ake samu na ɗan lokaci ne, kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Wanda ya koma ya ci gaba da zama a karkace a kan babur, ciwonsa zai dawo ko an kafa masa kofi ashirin.

Kayan aiki

Kofunan da suka fi dacewa da mai koyo su ne na roba mai laushi, waɗanda ake matsawa da hannu a ɗora, da na roba mai tauri masu ɗan famfo. A nemi babba mai faɗin baki kamar santimita 6 zuwa 7 don gadon baya da cinya, da ƙarami mai santimita 3 zuwa 4 don kafaɗa da dantse. A zaɓi wanda ake ganin cikinsa, domin idon mai aiki dole ya kasance a kan fatar. Nan ne ƙahon saniya ya gaza: ba a ganin abin da ke faruwa a cikinsa, kuma ba ya wankuwa sosai. Kafin a fara, a shafa bakin kowane kofi da yatsa. Wanda ya tsage ko ya yi kaifi a jefar da shi.

Akwai masu cinna wa auduga wuta su zura a kofin gilashi don korar iska. Mai koyo ya nisanci wannan. Bakin gilashin da ya yi zafi yana ƙona fata, barasar da aka jiƙa audugar da ita kuma tana iya ɗigowa a jiki tana ci da wuta.

Sai mai. Man kaɗanya da aka narkar a tafin hannu ya wadatar, haka man zaitun ko man gyaɗa, kamar ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ga gadon baya. Kada a haɗa da man zafi. Jan kofi yana ƙara masa raɗaɗi, fata ta yi kamar an zuba barkono.

Tambaya kafin taɓawa

Wannan sashe ya fi sauran muhimmanci, don ba kowane riƙewar jiki ba ne gajiya. Wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani yana iya zama sanƙarau, musamman a lokacin zafi, kuma kowace sa'a da aka ɓata ana tausa tana rage wa mara lafiya damar tsira. Ciwon kafaɗar hagu ko dantse da ya zo da nauyin ƙirji da gumi, a yi zaton zuciya. Ciwon baya da ke sauka har ƙafa tare da mutuwar yatsu, ko rashin ƙarfi, ko kasa riƙe fitsari, daga ƙashin baya yake. Haka ciwon bayan da ya daɗe tare da rama da gumin dare. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada ko a murza ta, domin mai yiwuwa gudan jini ne a jijiya, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Duk waɗannan na asibiti ne, yau ba gobe ba.

Ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko wanda jininsa ba ya saurin tsayawa. Mai sikila da mai ciwon sukari su tambayi likita tukuna. Mai ciki ba a ɗora mata a ciki ko ƙugu. Ƙananan yara da tsofaffin da fatarsu ta yi laushi kamar takarda, tausa mai sauƙi ta ishe su. Kuma ba a kafa kofi a kan rauni, ƙurji, ƙuna, ƙaiƙayi, sabon targaɗe, karaya, ko jijiyoyin ƙafa da suka fito suka murɗe.

Yadda ake yi

Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, ko kuwa miji da mata. A sami ɗaki mai sirri. Wanda za a yi wa ya ɗan ci wani abu tun da farko, saboda yunwa tana kawo jiri. Ya kwanta rubda ciki a kan katifa mai tauri ko tabarma da bargo, a sa masa ɗan matashi a ƙarƙashin idon sawu, a rufe duk inda ba a aiki da zane. Mai aiki ya wanke hannu da sabulu, ya yanke farce.

Tausa ce farko, minti 5 zuwa 10. A shafa mai da tafin hannu, a riƙa turawa a hankali daga ƙugu zuwa kafaɗa a gefe biyu na ƙashin baya, sannan a murza da babban yatsa. A nan ake gano ƙullin, kuma a nan tsokar take ɗumama. Wanda ya tsallake wannan ya ɗauki kofi kai tsaye, laluben duhu yake yi.

Daga nan sai ƙahon ja. A matsa kofin roba mai laushi kaɗan, a ɗora, a saki. A riƙe shi daga gindinsa, ɗaya hannun yana miƙe fatar, a ja shi sannu sannu bisa tsawon tsokar, sama da ƙasa, na minti 3 zuwa 5. Fata za ta yi ja da ɗumi, haka ake so. In kofin yana turjewa yana tsinkar gashi, mai ya yi kaɗan ko jan ya yi yawa. In yana faɗuwa, ya hau kan ƙashi ne ko gashi ya bar iska ta shiga.

Sannan a ajiye kofi mai famfo a kan ƙullin. Bugun famfo ɗaya ko biyu ya isa, fatar ta taso kamar santimita ɗaya, wato bai kai gaɓar yatsa ba. Kofi biyu zuwa huɗu sun wadatar a karon farko. A duba agogo: minti 5 ga sabon shiga, kada a wuce 10 ga kowa. A riƙa tambaya: "Baba, jan ya yi yawa?" ko "Yaya, ja kike ji ko zafi?" Mutanenmu da kunya da nuna jarumta sukan ce ba komai, don haka a duba yatsun ƙafa da numfashi. In yana danƙe yatsu yana riƙe numfashi, a sassauta.

A kan tsoka ake ɗorawa: naman kafaɗa, tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, gefen ƙugu, bayan cinya. Ba a ɗorawa a kan ƙashin baya kansa, ko gaban wuya da gefensa inda manyan jijiyoyin jini suke, ko hammata, ko matsematsi, ko bayan gwiwa, ko nono.

Wajen cirewa ba a fizga. A ɗaga ɗan marfin iskar da ke saman kofin, ko a danna fatar gefen bakinsa da yatsa har iska ta shiga. A sake shafa wurin da tafin hannu na minti biyu, a goge mai, mutum ya tashi zaune a hankali, ya sha ruwa, ya ɗan jujjuya wuya da kafaɗa.

Shaidar kofi da abin da kan ɓaci

Zagayen da kofi yake bari, daga ja zuwa baƙi-baƙi, ƙananan hanyoyin jini ne suka fashe a ƙarƙashin fata, kamar dai wanda ya bugu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa yawan baƙinsa shi ne alamar mataccen jini ya taso, har su ce a ƙara ja. Wannan kuskure ne da yake jawo rauni. Baƙin yana nuna ƙarfin jan da daɗewar kofin ne kawai, kuma sauƙi ba ya ƙaruwa da shi. A fata mai duhu shaidar ba ta fitowa fili, saboda haka kada a jira ganin launi, agogo za a bi. Tana ɓacewa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, kuma ba a sake ɗora kofi a wurin sai ta tafi. Masu maimaitawa a wuri ɗaya kowane kwana biyu sukan ƙare da tabo mai duhu da ke daɗewa watanni.

Idan bororo ya taso, kofin ya daɗe ne ko jan ya yi tsanani. Kada a fasa shi. A wanke da ruwa da sabulu, a rufe da bandeji mai tsabta. In ya yi mugunya, ko ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo, a je asibiti. Idan mutum ya ce yana jin jiri ko tashin zuciya, ko gumi mai sanyi ya keto masa, a cire kofuna nan take, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa a kan matashi, kada a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa sosai.

Bayan kowane mutum a wanke kofuna da sabulu, ciki da waje. In bororo ya fashe ko jini ya taɓa kofi, a jiƙa shi minti 10 a ruwan bilic, wato sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, awo ɗaya na bilic a awo 9 na ruwa, a ɗauraye, a kife ya bushe. Wanda aka yi wa sau uku a cikin mako uku, ya kuma gyara zamansa da yadda yake ɗaukar kaya, amma riƙewar tana nan, a daina kafa masa kofi, a tura shi sashen gashin ƙashi na asibiti a duba shi.