In waifai ɗin gidanka na yawan yankewa a waya, ga inda za ka duba

Matsalar kusan iri ɗaya ce a gidajen da aka saka rauta (router, na'urar da ke watsa waifai) biyu ko uku. Kwamfutar da ke ajiye kan tebur lafiya lau take aiki, talabijin na ta nuna YouTube ba ko gargada, amma waya kuwa da zarar ka tashi daga falo ka nufi ɗaki ko ka hau sama sai kiran WhatsApp ya fara kakkatsewa, alamar waifai na nan a saman waya amma ba abin da ke buɗewa, sai ka kashe ka sake kunnawa sannan ta dawo hayyacinta. Wasu su ɗora wa kamfanin layi laifi, wasu su tafi kasuwa su ƙaro wata rautar. Kar ka sayi komai tukuna.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba rauta ce ke zaɓa wa waya inda za ta maƙale ba, wayar ce ke yanke wa kanta hukunci, kuma waya akwai naci, in ta kama rautar falo ba ta son saki ko da kana tsaye ƙarƙashin rautar sama. Apple sun bayyana nasu lissafin: iPhone ba ta fara neman wata sai ƙarfin sigina ya sauka zuwa -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan), sannan wadda za ta koma ɗin sai ta fi ta yanzu da 8 dB in kana cikin amfani da data, ko 12 dB in wayar ba ta aikin komai. A Android kowane kamfani da nasa tsarin. Lambar nan fa ta baya-baya ce, -50 ya fi -70 ƙarfi, in ka ga -80 to waya lallaɓawa kawai take.

To kafin ka taɓa saitin komai ka fara gano waye ke yankewar, waifai ne ko intanet ɗin da ke shigowa gidan. Ka sauke kowace manhajar ping a waya, wato mai aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi ta nuna maka ko ya amsa, ka sa adireshin babbar rautarka, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei masu sim kuma 192.168.8.1, yana rubuce a ƙasanta ko a baya. Ka bar shi yana tafiya ka zaga gidan. Sai ka sake yi da 8.8.8.8, adireshin Google ne da ke can intanet. In rauta na amsawa ba fashi amma 8.8.8.8 na ɗaukewa, to sabis ne, ka matsar da rautar kusa da taga ko ka kira masu layin, sauran bayanin nan ba naka ba ne. In kuwa ita rautar ce ke daina amsawa duk sanda ka tsallaka daga wani sashe zuwa wani, aikin na cikin gida ne.

Wutar lantarki ma ka lura da ita tun yanzu. In yankewar na zuwa daidai lokacin da NEPA suka ɗauke aka juya zuwa janareta ko inbata, rauta ce ta mutu ta sake tashi, kuma tashin nata kan ci minti ɗaya ko biyu. Ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ya ishe ka, amma kowace rauta a saka mata, ba babbar kaɗai ba.

Sai babban abin da ya fi ɓata gidaje, wato rauta biyu kowace na raba adireshin IP, lambar da ake ba kowace na'ura in ta jona. Wanda ya zo ya yi haɗin sai kawai ya jona ta biyu da kebul ya tafi, bai kashe mata DHCP ba, wato saitin da ke raba adireshin, shi ke nan gida ya zama da masu rabo biyu, waya ta karɓi adireshi a wannan ta koma waccan ya ƙi aiki, ko ta tsaya tana ta "obtaining IP address" har ka gaji. A gida ɗaya mai rabo ɗaya ake so, ita ce babbar da intanet ke shigowa ta cikinta. Ka shiga saitin sauran, in akwai Access Point mode ka zaɓe shi, an gama. In tsohuwa ce ba ta da shi, ka kashe DHCP da hannu, ka ba ta adireshin da ba na kowa ba a jerin babbar, misali babba na 192.168.1.1 ita ka ba ta 192.168.1.2, sannan kebul ya shiga ramin LAN, ba na WAN ba. Wannan ramin WAN ɗin ya ruɗar da mutane ba kaɗan ba, saboda launinsa daban sai a ɗauka nan ne mashiga.

Daga nan sai suna. Duk rautocin su zama sunansu ɗaya, fasawod ɗaya, nau'in tsaro ma ɗaya, harafi da harafi, don "Gida" da "gida" a wajen waya sunaye biyu ne. In ka sa wa ɗaya "Falo" ɗaya "Sama", waya za ta riƙe Falo har sai ya ɓace gaba ɗaya kafin ta waiwayi Sama. Tsaron nan kar a raina shi, ɗaya na WPA2 ɗaya na WPA3 na hana waya tsallakawa cikin sauƙi, kuma in akwai tsofaffin wayoyi a gidan ni dai shawarata ka bar kowa a WPA2 da AES ka huta. Bayan ka canza, kowace waya a goge mata tsofaffin sunayen, a sake jonawa sabo.

Suna ɗaya amma cana (channel, layin da rauta ke watsa sigina a kai) kowa da tasa, nan ne ake juyawa. Zango biyu rauta ta fi watsa waifai a kai, 2.4GHz da 5GHz. A 2.4GHz cana uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, sai ka ba kowace rauta ɗaya, faɗin kuma ka bar shi a 20MHz, kar ka yarda da 40 ɗin nan da ke yi maka alƙawarin gudu. In Android gare ka manhajar WiFi Analyzer za ta nuna maka inda maƙwabta suka cunkushe, masu iPhone kuma AirPort Utility, sai ka kunna mata Wi-Fi Scanner a Settings. A 5GHz fili ya fi yawa, ka tsaya tsakanin 36 da 48. Daga 52 zuwa 144 ana rabawa da na'urar rada, in rauta ta ji alamarta dole ta bar wajen, duk wayar da ke kai kuma ta faɗo. Sannan 5GHz ya fi gudu amma bulo da rufin kankare mai rodi na cinye shi, kar ka sa ran rautar ƙasa ta wadatar da bene.

Yanzu ga wanda mutane ke gardama a kai: ka rage wa rauta ƙarfi. E, ragewa. Ka nemi Transmit Power, 2.4GHz ka mayar da shi Low ko Medium, 5GHz ka bar shi Medium ko High. Dalili kuwa, rauta mai ƙarfi kamar lasifikar masallaci ce, kana jin ladan daga unguwa ta uku amma shi ba zai ji amsarka ba. Waya na jin rautar falo daga ƙuryar ɗaki sai ta nuna maka sanda uku, ta ƙi saki tunda a lissafinta sigina bai faɗi ba, alhali nata saƙon ba ya isa can. In ka rage ƙarfin, siginar falo zai mutu da wuri, waya ta haƙura ta kama ta kusa. Haka nan in rautocin sun matsu da juna, biyu a bango ɗaya gaba da baya, cire ɗaya ma kan gyara lamarin. Kuma a ɗaga su sama a sarari, ba bayan talabijin ko cikin durowa ba.

Rifita (repeater, mai maimaita sigina) irin wadda ake sokawa a soket, gaskiya ba na sonta. Da rediyo ɗaya take karɓa take turawa, gudun kan ragu kusan rabi, kuma yawanci a ɗakin da ba sigina ake soka ta, to me za ta maimaita? In dole ce a sa ta tsakiyar hanya inda sigina ke da kyau. Amma in da hali a ja kebul, Cat5e ko Cat6 na kaiwa mita 100, ya isa daga babban gida har sashen baƙi. Wanda ke da kuɗin mesh, wato rautocin da aka ƙera su yi aiki tare, irin su Deco ko UniFi, zai tarar da saitin 802.11k da v da r, su ne ke taimaka wa waya ta san maƙwabtan rautoci ta tsallaka da sauri. Ka kunna su, in wata tsohuwar waya ko kyamara ta ƙi jonawa sai ka kashe r ɗin, a wasu Fast Roaming ake kiransa.

In duk an yi wannan waya ɗaya ce tak ke ci gaba da rigima, to ita za a bincika. Ka kashe mata tanadin batir ka gani, don wasu na yanke waifai in allo ya mutu. Ka duba Wi-Fi Assist a iPhone ko Switch to mobile data a Samsung, su ne ke sulalewa su koma datar sim in waifai ya yi rauni, ka ga data ta ƙare ba ka san dalili ba. Sannan tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi na ɓoye adireshin MAC ɗinsu na asali, lambar da rauta ke gane kowace waya da ita, su ba da na bogi, in ka kunna MAC filter a rauta don hana yaran maƙwabta, to ka kashe wannan ɓoyon a netwok ɗin gida kawai, ko ka cire filtar ka canza fasawod. VPN ma a kashe shi lokacin gwaji.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka sake zagayen ping ɗin nan daga falo zuwa ɗaki zuwa sama. In amsa ɗaya ko biyu ce ta ɓace wajen tsallakawa ba komai, haka yake. In ta kai daƙiƙa biyar zuwa goma shiru, koma ka sake duba DHCP da nau'in tsaro.