In wanda ya buge maka mota ya ce yana da inshora, kar ka yi saurin sakin jiki

Bara ne da damina, muna tsaye a go-sulo wajen gadar Kawo a Kaduna, wata ƙaramar mota ta zo ta daki bayan tawa, bamba ta rataye fitila ɗaya ta fashe but ya ƙi rufuwa. Direban ya fito yana ta salati, ya ciro takardu daga ambulan ya miƙo min yana cewa "Alhaji kwantar da hankalinka, ina da inshora, kamfani ne zai biya." Ni kuma na ga takarda da tambari da hatimi, na karɓi lambar wayarsa kawai muka rabu. Bayan kwana uku na gano takardar nan ta jabu ce, irin wadda 'yan kamasho ke haɗa wa mutum a bakin ofishin lasin in ya je sabunta fatikula, shi kansa bawan Allahn bai san an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Da kuɗina na gyara a Panteka. To daga nan ne na fara bin kan abin, kuma kusan duk wanda na ji labarinsa kuskurensa ɗaya da nawa.

Na farkon kenan, yarda da takarda don ka gan ta da ido. Takardar inshora abu ce da kowane shagon kwamfuta zai iya bugawa. Abin da za ka yi tun kana tsaye a wurin, kafin kowa ya motsa, ka ɗauki lambar motarsa ka duba a rumbun bayanan kamfanonin inshora wato NIID, ko ta shafinsu askniid.org ko ka danna *565*11# a waya ko da rakani-kashi ce. Zai nuna maka ko motar tana ciki, wane kamfani ne, kuma yaushe inshorar za ta ƙare. In ba ta fito ba kar ka fara kiran mutum ɗan damfara nan take, wani lokaci sabuwa ce kamfanin bai ɗora ta ba tukuna, sai ka kira kamfanin da aka rubuta a jiki ka karanta musu lambar takardar, amma ka nemo lambar wayarsu da kanka, kar ka kira wadda aka buga a ƙasan takardar don in jabu ce wanda ya buga ta ne zai ɗauka.

Kuma kuɗin da ya ce ya biya ma yana ba ka haske. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗin inshorar dole, wadda ake ce wa tad fati, daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. Duk mai mota da ya ce maka dubu biyar ya ba wani aka yi masa kwanan nan, ka san da walakin.

Sai wanda ya fi cin mutane a garin nan, wato "a yi haƙuri". Kafin ka gama duba ɓarnar an taru, wani dattijo ya dafa kafaɗarka yana cewa ɗana ai tsautsayi ne, ƙaddara ta riga fata, ku je wajen bakanike ku daidaita. Ni ban ce sulhu laifi ne ba, wallahi sau da yawa ya fi sauri ya fi sauƙi, kuma in ka ga mai keke Napep ne da ko kuɗin balas bai haɗa ba ka yafe masa ladanka na wajen Allah. Amma in ba yafewa ka yi ba, sulhun baki ba sulhu ba ne. Mutum zai ce gobe da safe mu haɗu a gareji, gobe ta yi waya a kashe, jibi ya ce ai kai ne ka taka birki da ƙarfi. A rubuta, ko a bayan rasit ne: ya amsa shi ya buge, zai biya nawa, ranar kaza, ya sa hannu, mutum biyu su shaida da lambobinsu. Kuma kar ka sa hannu a kan cewa ka janye komai kafin kuɗi ya shigo ko fanal bita ya buɗe ya ga abin da ke ciki, don bamba tana iya ɓoye ɓarnar da ta ninka wadda kake gani.

Hoto kuma, mutane suna ɗaukar wajen da ya lotse kawai. Ka ja baya ka ɗauki motocin biyu yadda suke a kan titi kafin a ture su gefe, da lambobinsu, da lasin direban, da takardun motar, in da hali ɗan bidiyo. 'Yan KASTLEA masu kula da titunan Kaduna ko rod sefti za su matsa a buɗe hanya kuma da gaskiyarsu, minti ɗaya ya ishe ka.

Da yawa suna gudun caji ofis saboda ɓata lokaci da ɗan abin da za a ce ka kawo, na gane. Sai dai in akwai ko ɗan shakku a kan inshorar mutumin, rahoton 'yan sanda na sashen kula da haɗura shi ne kusan abin da ke riƙe da kai, kamfani zai nema, kotu ma za ta nema in abin ya kai can, kuma rahoton da aka rubuta ranar ya fi wanda ka je nema bayan sati biyu lokacin da kowa ya canza labari. Tun watan Fabrairun 2025 ma 'yan sanda suka ƙara matsawa kan inshorar dole, don haka wanda ya san tasa ba ta da kyau yakan yi laushi da zarar an ambaci ofis. In akwai wanda ya ji rauni kuwa, asibiti tukuna, sannan a adana duk rasit har na allura.

Wani abin da ban sani ba sai daga baya, inshora tana iya zama ta gaske amma a yi ta jan ka. Misali motar gida ce aka yi mata inshora a matsayin ta gida amma ana kabu-kabu da ita tsakanin Mando da Kasuwa, ko yaron da ke tuƙi ba shi da lasin, ko an sayar da motar inshora na nan da sunan tsohon mai ita, ko ta ƙare jiya-jiya. Duk waɗannan ƙofofi ne da kamfani zai iya cewa ba ruwansa. Shi ya sa ka tambaya tun a wurin, Malam motarka ce ko ta maigida, sunan wa ke takarda? In direba ne kawai, lambar mai motar za ka nema, don shi ne ke da yarjejeniya da kamfani kuma shi ya kamata ya sanar da su. Kai ma ka rubuta musu takarda da kanka, ka haɗa hotuna da rahoton 'yan sanda da kiyasin gyara, ka kai a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Sannan ka sani akwai iyaka, a motar gida naira miliyan 3 ne ƙarshen abin da tad fati ke biya na ɓarnar dukiya, keke Napep miliyan 2, mashin miliyan 1, kuma da tsadar kayan gyara yanzu ba wuya a wuce hakan in motarka mai tsada ce. Abin da ya haura yana wuyan wanda ya yi ɓarnar. Haka in inshorar ta tashi jabu, bashin bai faɗi ba, kansa ya dawo, kana iya kai shi kotu.

Gaggawar gyara ita ma tana kashe magana. Ka kai mota Panteka an buge an yi fenti ta fito fes, sannan mai duba ɓarna na kamfani ya zo ya ce ina abin da zan duba? Jira su gani su amince da kiyasin a rubuce, in kuma ba za ka iya jira ba saboda ita ce ƙafarka, to ka sanar da su a rubuce, ka ɗauki hoton kowane mataki, ka ajiye tsofaffin kayan da aka cire.

Sai masu tunanin tasu tad fatin za ta gyara musu mota. Ba za ta gyara ba, ita aikinta biyan wanda kai ka yi wa ɓarna. Amma in kana da babbar inshora mai ɗauke komai, ko ta kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, ga wanda ya fi natsuwa da su, kar ka zauna jiran wancan mutumin, ka sanar da naka kamfanin ranar da abin ya faru don akwai wa'adin sanarwa a cikin takardarka kuma wasu gajere ne, su za su gyara maka su cire ɗan kason da aka ce kai za ka ɗauka, sannan su bi shi ko kamfaninsa da kansu.

In kuma komai naka ya cika kamfani ya dinga cewa dawo gobe, NAICOM tana da sashen karɓar koke, ka rubuta musu da kwafin duk takardun da ka kai da ranakun da ka kai su. Wani abokina da aka buge a titin Ali Akilu wata biyu ana juya shi, da ya rubuta wa kamfanin cewa zai kai ƙara can, cikin satin aka kira shi ya kawo lambar akawun.