Yadda nake gwada bayanin kayan aiki kafin in miƙa shi ga wakilin AI

Wakilin AI, wato manhajar AI da ke aiwatar da ayyuka da kanta ta hanyar kiran kayan aiki (ƙananan ayyukan kod da ka rubuta), ba ya ganin kod ɗinka. Abu uku ne ke isa gare shi daga kowane kayan aiki da ka haɗa masa: suna, ɗan bayanin da ka rubuta, da jerin guraben da zai cike, wanda ake tsarawa da JSON Schema, wato salon rubuta irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ta fito da tsarin kiran kayan aiki a Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakilai da kayan aiki da kamfanin AI na Anthropic ya saki a Nuwamban 2024. Da waɗannan ukun yake yanke wanne zai ɗauka, yaushe, da abin da zai zuba a ciki. Don haka ni da aikin da wakilin ya aikata nake auna bayani.

Fara da rufe kod ɗin. Ɗauki bayanin kaɗai ka ba wa abokin aikin da bai san manhajar ba, tamkar sabon yaron shago da maigida ya bar wa takarda ya tafi masallacin Juma'a da waya a kashe. Tambaye shi: me wannan yake yi, yaushe bai kamata a taɓa shi ba, kuma me zai dawo da shi? A ce sunan kayan aikin `nemo_oda`, bayanin kuma "Yana nemo oda." To, da me? Lambar oda ko lambar wayar mai saye? Guda ɗaya zai kawo ko duk na shekara? Duk inda abokinka ya tsaya yana sosa ƙeya, a nan wakilin zai yi kirdado, bambancin kawai shi ba zai gaya maka ya yi ba.

Inda na fi daɗewa shi ne guraben kuɗi, kwanan wata da lambar waya. Paystack, dandalin karɓar kuɗi ta intanet, da kwabo yake karɓar adadi, wato in wakili ya tura 5000 naira 50 ya caja. Takwaransa Stripe ma da santi (cent, ɗaya bisa ɗari na dala) yake lissafin dalar Amurka, amma sefa ba ta da ƙaramin kaso a wurinsa, 5000 sefa dubu biyar ce cif. Ga kuma mutumin Maraɗi da zai ce "dala ashirin" yana nufin sefa 100. In gurbin ya ce "adadin kuɗi" ya yi shiru, wallahi wata rana sai an yi kuka. Rubuta shi ɓaro-ɓaro: "Adadi da kwabo, naira 50 ita ce 5000." Kwanan wata ma haka: 03/04/2025 uku ga Afrilu ne a wurinmu, huɗu ga Maris ne a Amurka, saboda haka ka tilasta tsarin ISO 8601, wato 2025-04-03, ka sa misali. Lambar waya kuwa ka faɗa ko da sifili za ta fara ko da +234. In zaɓin da ke akwai kaɗan ne, jera su a cikin tsarin guraben, kada ka bar wa wakilin ya ƙirƙiro nasa.

Daga nan sai maƙwabta. Bayani kan yi kyau shi kaɗai, ya rikice idan an ajiye shi gefen ɗan'uwansa. `soke_oda` da `mayar_da_kudi` misali ne: mai saye ya rubuto "ba na son kayan nan kuma", wanne za a kira? Kowannensu ya kamata ya faɗi iyakarsa: na farko kafin kaya su bar shago, na biyu bayan an biya an karɓa.

Gwajin gaskiya shi ne saƙonnin mutane. Tattara kamar ashirin zuwa talatin, irin yadda ake rubuto su a WhatsApp, Hausa cakuɗe da Turanci, da kurakuran rubutu da komai (ka goge sunaye da lambobin mutane tukuna). Kafin ka kunna komai, rubuta a gefen kowanne kayan aikin da ya dace da abin da za a cike. Saka har da waɗanda ba sa buƙatar komai, irin su "ina kwana", da waɗanda ya kamata wakilin ya yi tambaya kafin ya motsa. Maimaita kowanne sau da yawa, don amsar ba ta tsayawa wuri ɗaya. In ya kauce, gyara jumla ɗaya ka sake gwadawa. In ka gyara biyar a tare ba za ka san wadda ta yi magani ba.

Kada ka manta da saƙon kuskure, shi ma wakilin karanta shi yake. Lambar kuskure kawai, kamar "400", ba ta koya masa komai ba. "Kwanan wata ya zama kamar 2025-04-03" zai sa ya gyara da kansa.

Maganar tsawo ba ta da yawa. Anthropic ta ba da shawarar aƙalla jumla uku zuwa huɗu ga kowane bayani, OpenAI kuma ta ce a yi ƙoƙari kada kayan aikin su kai 20 a lokaci guda. Kowace kalma tana cin wurin da wakilin ke riƙe zance, har da kuɗinka.

Kayan aikin da wani ya rubuta kuwa, karanta bayaninsu gaba ɗaya, ba guntun da ke fitowa a allo ba. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayani, wakili ya bi ya kwashe fayilolin sirri mai shi bai sani ba. MCP na da alamomi irin su `readOnlyHint` (karatu kawai yake) da `destructiveHint` (yana iya goge ko sauya abu), amma iƙirarin marubucin ne kawai, ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su in ba a amince da tushen ba. Ajiye kwafin bayanin ranar da ka amince da shi, ka riƙa kwatantawa duk lokacin da aka sabunta. Duk abin da ke goge bayanai ko fitar da kuɗi kuma, sa mutum ya danna amincewa kafin ya wuce.