Zanen tatu a jikin Musulmi: hukunci, gwajin jini da yadda ake gogewa

Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya la'anci mai yi wa wani jarfa da wanda ake yi wa, kuma a kansa mafi yawan malaman Sunna suka dogara wajen haramta zanen tatu. Amma tambayar da ta fi damun wanda ya riga ya yi ita ce alwala da salla. Tawadar tana zaune ne a ƙarƙashin fatar sama, wajen milimita 1 zuwa 2, ba shafe take a kai kamar fentin farce ba, don haka ruwa na taɓa fata. Shi ya sa malamai da dama na wannan zamani suke cewa alwalarsa da wankansa sun inganta. Imamu Nawawi ya fi tsanantawa: a wurinsa wurin ya zama najasa saboda jinin da ya gauraya da tawada, wajibi ne a cire, sai dai idan ana tsoron illa ko muni a gaɓar da ke bayyane, to tuba ta wadatar. Kada dai mutum ya bar salla yana jiran ranar da zai goge.

Kafin maganar gogewa, a fara da gwajin jini, domin nan ne abin ke shafar wasu. Allurar da aka yi wa mutane da yawa amfani da ita, ko tawadar da ake tsoma wa kowa, na iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV. Mutum zai yi shekaru lafiya lau a ido, alhali yana iya sa wa matarsa, ita kuma ta sa wa jariri. Idan zanen sabo ne, a yi gwajin, a maimaita bayan wata 6, saboda sakamakon farko kan iya fita babu komai alhali cutar na nan. Jihar Kano ta wajabta irin wannan gwaji kafin aure tun 2024. Mai ba da gudummawar jini ma ya faɗa wa ma'aikata lokacin da aka yi masa zanen.

Hanyar gogewa mafi inganci ita ce na'urar leza a hannun likitan fata. Haskenta na farfasa tawadar ta zama ƙanana, jiki ya riƙa kwashe su a hankali. Ga baƙar fata, a tambaya ko na'urar lezar nau'in Nd:YAG ce mai tsawon zangon haske 1064, domin ita ce ba ta cika taɓa launin fata ba. Wasu na'urorin ba sa bambance tawada da baƙin fatar, sai su bar farin tabo da ya fi zanen jawo ido. A nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri tukuna, a jira makonni a ga yadda ya warke. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, irin wanda kan fito bayan hujin kunne, lallai ya faɗa tun farko.

Ba aikin rana ɗaya ba ne. Yawanci ana zama 6 zuwa 12, da tazarar mako 6 zuwa 8 a tsakani. Matse tazarar ba ya ƙara sauri, ƙuna kawai yake ƙarawa. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya kan yi taurin kai, fara kuwa tana iya komawa baƙa da zarar haske ya taɓa ta. Zanen ƙafa da yatsu ya fi na ƙirji jinkiri saboda ƙarancin gudanar jini. Idan kuɗi bai kai a goge duka ba, a fara da wanda ke ɗauke da sunan Allah ko aya, tunda da shi ake shiga bayi, sai sunan tsohuwar budurwa, wanda ba ƙaramin rikici yake haddasawa a gidan aure ba.

Bayan kowane zama wurin zai yi fari na ɗan lokaci, ya kumbura, wataƙila ya yi bororo. A ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a shafa Vaseline, a rufe da bandeji mai tsabta, a kiyaye rana. Kada a fasa bororon ko a ɓamɓare ɓawon. Idan wurin a gaɓar alwala yake, shafa a kan bandejin ya isa har ya warke. Ruwan ɗiwa, zazzaɓi ko jan da ke yaɗuwa na nufin a koma asibiti a ranar.

Ruwan batir, goga gishiri, ɗora ƙarfe mai zafi da mayukan da ake tallatawa a intanet duk ba sa kaiwa inda tawadar take sai sun cinye fatar sama, ƙarshe a tashi da tabo da zanen gaba ɗaya. Ƙaramin zane kuwa likita na iya yanke shi ya ɗinke a zama guda, ya bar siririn tabo.