Kurakuran da ake yi wajen gwada taima idan aiki ya cunkushe

Wanda na fi gani shi ne mutum ya saka setTimeout (taima mai kiran fanshin bayan wani lokaci) na milisakan 50 a Node.js, kolbak (fanshin ɗin da taima ke kira) ya tashi, sai ya ce shikenan gwaji ya ci. Ai ba ka gwada komai ba ɗan'uwa, don a lokacin babu kowa a layi. Dole gwajin ya haɗa cunkoson da kanshi. Rubuta fanshin da ke ta kiran kanta ta process.nextTick, ko Promise mai haifar da wani Promise, za ka ga Node sai ya kwashe su kaf kafin ya waiwayi taima, kamar masu tsallake layi a gidan mai, na baya sai dai ya yi ta tsayuwa. Maganin a kod ɗinka shi ne ka yanka aikin gunduwa-gunduwa ka riƙa miƙa ragowar ta setImmediate.

Amma fa a kula, nan ne mutane ke faɗawa rami: idan cunkoson ba shi da iyaka, wa'adin da ka sa wa gwajin shi ma taima ne a cikin event loop ɗin nan (lup ɗin da Node ke bi yana gudanar da ayyuka ɗaya bayan ɗaya), ba zai tashi ba, gwajin zai maƙale kawai babu ja babu kore, wato bai faɗi ba bai ci ba. Sa wa cunkoson iyaka, ko ka tura shi wani firoses daban, na waje ya riƙe agogo ya kashe shi idan ya wuce lokaci.

Sai jest.useFakeTimers, taimar bogi ta Jest, kayan gwajin kod. Yana da amfani wajen duba tsarin kod, amma shi da kanshi yake kiran kolbak ɗin, ta ina za ka ga cunkoso ya danne taima? Wannan gwajin agogon gaske yake so, kuma performance.now() za ka ɗauka, don Date.now() yana iya tsalle idan NTP, tsarin daidaita lokaci ta intanet, ya gyara agogon na'ura.

Kar ka duba matsakaicin jinkiri, yana ɓoye ɓarna. monitorEventLoopDelay na perf_hooks zai ba ka max da percentile(99), da nanosakan yake ƙirga, ka tuna ka raba da miliyan ɗaya ka samu milisakan. Kuma ka bar ɗan sarari a iyakar jinkirin da ka sa, injin CI (sabar da ke gudanar da gwaji da kanta) ba kai kaɗai ke kanshi ba.

Masu yaren Go kuma, laptop mai koa 8 na CPU tana rufa wa kod asiri, ku gwada da GOMAXPROCS=1, wato Go ya yi aiki da koa ɗaya kawai. Kafin Go 1.14 na 2020, lup ɗin for da ba ya kiran wata fanshin yana iya riƙe koa ya hana sauran goroutine (ƙananan ayyukan da Go ke gudanarwa tare) motsi gaba ɗaya, in tsohon kod kuke gyarawa ku fara duba wane Go aka gina shi da shi.